Ruwan Bakolori da Haƙƙin Manomi na Tofa Albarkacin Bakinsa

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, domin noman rani a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Daga sama aka yanke shawarar aikin, kuma manoman da aka karɓe wa gonaki ba su sami zauren da za a saurari kukansu kan diyya ba. Da suka tare hanyoyi, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilun 1980, aka rasa rayuka da dama.

Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa nauyin kula da magudanai da rabon ruwa. A ganina, miƙa iko ga manoma zai amfane su ne kawai idan an tsara yadda magana ke gudana a zaman ƙungiya. Wa ke ba da izinin magana? Wa ke tsawatarwa? Ina mai gonar ƙarshen magudana zai ɗaukaka ƙara idan na sama sun shanye ruwa? Matuƙar mai gona babba ne ke jan ragamar zaman, talaka zai ci gaba da yin shiru.

Nan ne aikinmu na manazarta Hausa yake. Ya dace mu halarci waɗannan zaurukan, mu naɗi yadda dagaci da sarkin noma da ƙaramin manomi ke karɓar magana, mu gano wanda kunya da girmamawa ke rufe wa baki.