Wa Zai Ɗauki Nauyin Ɗalibi Mai Binciken Asalin Ƙaiƙayi?

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin a makon nan ina so in ja hankalin malamai da akawuna wajen wata magana wadda in an ji ta da fari sai a yi tsammani ƙarama ce. Maganar kuwa ita ce: ko ya kamata a fid da kuɗi masu yawa a ba saurayi ko budurwa, su zauna shekara 3 ko 4 a jami'a suna neman digirin dakta, ba su da wani aiki sai binciken abin da ke kawo wata cutar ƙaiƙayi? Ni dai na ce ya kamata, ga kuwa dalilaina.

Da farko bari mu rarrabe cutar, don kada a gama ta da wasu. Likitoci suna kiranta egzima. A ƙasarmu mutane da yawa sukan sa wa ƙyasfi wannan suna, amma ba ɗaya ba ne. Ƙyasfi da makero wata irin tsiro ce ƙanƙanuwa take kawo su a kan fata, ƙazwa kuwa wani ɗan ƙwaro ne da yake haƙa rami cikinta. Egzimar da nake nufi ba a ɗaukarta daga wani, ko da an kwana tabarma ɗaya. Yawanci tun ana goye take farawa, a kumatu, sa'an nan ta koma lungun gwiwar hannu da bayan gwiwar ƙafa da wuya. Fata ta bushe, ta tsattsage, yaro ya yi ta susa har jini ya fito, shi bai yi barci ba, uwarsa ba ta yi ba. A Ingila an ƙiyasta yaro 1 cikin 5 yana fama da ita. Sau da yawa kuma takan zo tare da fuka da yawan atishawa a gida ɗaya. Jikin Bature in ta kama shi yakan yi ja, namu kuwa yakan yi duhu ko toka-toka, saboda haka wanda ya koyi aikin daga hotunan farar fata kaɗai yana iya dubanta bai gane ta ba.

To, mece ce asalinta? Shekaru da yawa likitoci sun fi karkata ga cewa laifin na sojojin jiki ne, watau garkuwar da ke yaƙi da cuta, wai su ne suke fushi da abin da bai kai a yi fushi da shi ba. A 1952 wani likita na Amurka, Marion Sulzberger, da abokin aikinsa suka nuna cewa man shafawa mai sinadarin kotizon yana kwantar da ita. Aka samu sauƙi ƙwarai, amma kwantarwa ce kawai, tushen yana nan.

Ana nan sai a 2006 Farfesa Irwin McLean da jama'arsa a Jami'ar Dundi ta ƙasar Sikotilan, tare da likita Alan Irvine na birnin Dabilin, suka fito da wani abin da ya juya maganar. Ku ɗauki fatar mutum kamar katangar laka. In an yi yaɓe mai kyau, danshi na ciki ba ya fita, abin waje kuma ba ya shiga. Akwai wani sinadari da jiki yake yi, sunansa filagirin, shi ne yake ɗaure tubalan saman fata, in ya gama wannan aiki kuma sai ya farfashe ya zama abin da ke riƙe mata ruwa. Umarnin yin filagirin a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado da mutum ya samo daga uwa da uba. Mutanen Dundi suka tarar akwai waɗanda rubutun nasu ya zo da kuskure, umarnin ya katse tun bai kai ƙarshe ba. Kusan mutum 1 cikin 10 na zuriyar Turawa yana ɗauke da irin wannan kuskure, a wasu asibitoci kuma aka same shi ga kusan rabin waɗanda cutar ta yi wa tsanani. In yaɓe ya yi rauni sai ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, sojojin jiki su tashi, ƙaiƙayi ya zo, susa ta ƙara yage katangar. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

'Yan'uwana akawuna za su fi kowa gane wahalar wannan aiki. Rubutun filagirin layi ɗaya ne aka maimaita shi sau 10 zuwa 12, kowane layi kusan daidai da ɗan'uwansa. A ce an ba ka takarda irin wannan a yayyage, an ce ka harhaɗa ta ka nuna harafin da aka yi kuskure, kwana nawa za ka yi? Shi ya sa aka daɗe ba a ci nasara ba. Wata malama a Amurka, Beverly Dale, ta ga sinadarin tun 1977, an raɗa masa suna a 1981, amma sai da aka shekara 25 bayan raɗin sunan kafin a karanta kuskuren. Irin wannan aikin haƙuri, na aune-aune safe da yamma, gwaji ya ɓaci a sake, a ɗakunan binciken duniya yawanci ɗalibai masu neman digirin dakta da waɗanda ba su daɗe da samunsa ba su ne suke ɗauke da shi. Farfesa yakan nuna hanya, amma ƙafar ɗalibi ce take taka ta.

Haka kuma labarin magani. A 1982 aka gano wani ɗan saƙo da sojojin jiki suke aika wa juna, wanda daga baya aka sa masa lamba 4 cikin jerin irinsa. Waɗanda suka gano shi ba egzima suke nema ba. Sai a 2017, bayan shekara 35, hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wata allura mai suna Dupixent, wadda take tare hanyar wannan saƙo da wani ɗan'uwansa mai lamba 13, mutane da yawa da suka fid da rai suka samu barci. Amma kuɗinta a shekarar da ta fito dala 37,000 ne ga mutum ɗaya a shekara ɗaya. Ku riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Da aka ji labarin Dundi, sai masana suka tafi wasu ƙasashe suna neman kuskuren. A Japan da Singafo suka samu kurakurai, amma yawancinsu ba irin na Turawa ba ne. A 2011 likitocin Suwidin da na Habasha suka duba masu cutar a Habasha, da ƙyar suka samu kuskuren. A 2014 aka buga binciken da aka yi a kan mutanen Kosa na Afirka ta Kudu: abin da ke riƙe wa fatarsu ruwa ya ragu, amma ba a samu katsewar rubutun filagirin ba. Watau katangar tamu ma tana tsagewa, amma abin da yake tsaga ta wani ne dabam, ko kuwa wasu abubuwa ne da yawa suka taru. Mabuɗin da aka ƙera a Sikotilan bai buɗe ƙofar Afirka ba. Wa muke jira ya ƙera mana namu? Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Mu ne muka san yadda hunturu ke mayar da fatar yaro, mu muka san irin sabulun da ake wanke jariri da shi, da irin man da ake shafa masa, na kaɗanya ne ko basilin.

Na san abin da wani malami zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da gudawa suke kashe yara, ina ita ina kashe kuɗi a kan susa? Amsata kashi uku ce. Na farko, rashin sani ma kuɗi yake ci. Duba yadda ake sayen man shafawa mai kotizon mai ƙarfi a kasuwa ba da izinin likita ba, a shafa wa kowane tabo, har fata ta yi sirara, makero kuma ya ɓuya ya ƙara yaɗuwa. Na biyu, hannun da ya koyi karatun ƙwayoyin gado a kan egzima, shi ne gobe zai karanta na amosanin jini ko na wata annoba, gama na'urar ɗaya ce, ilmin ma ɗaya ne. Na uku, bincike yakan hana ɓarna ko da amsarsa a'a ce. Bayan labarin filagirin mutane da yawa sun yi zaton in an riƙa shafa wa jariri mai kullum tun daga haihuwa cutar ba za ta kama shi ba. Masanan Jami'ar Notingam suka gwada da jarirai 1,394, a 2020 suka ba da labari cewa shafawar ba ta hana ta zuwa ba. Mai yana da amfani ƙwarai ga wanda ta riga ta kama, amma ba rigakafi ba ne. Ba don an biya kuɗin gwajin nan ba, da an yi ta ɗora wa iyaye wahala a kan zato.

Nawa ne kuɗin ɗalibin? A Ingila hukumar bincike ta gwamnati ta yanke cewa mafi ƙanƙancin abin da za a ba ɗalibin dakta don ci da sha da haya a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 fam 20,780 ne. In an riƙe shi shekara 4 a kan haka ya zama fam 83,120, ban da kuɗin makaranta da na kayan gwaji. Da yawa ne, babu shakka. Amma ku auna shi da allurar can: bai fi kuɗin maganin mutum 3 ko 4 na shekara guda ba. Kuma ba gwamnati kaɗai take ɗaukar nauyin ba. Wani attajiri mai sayar da magunguna, Henry Wellcome, ya rasu a 1936 ya bar dukiyarsa wasiyya don binciken lafiya, har yau asusunsa yana cikin mafi girma a duniya. A 1975 masu cutar da iyayensu suka kafa ƙungiyar egzima ta ƙasar, a 1996 kuma aka kafa wata gidauniya ta cututtukan fata wadda take tara taimakon jama'a tana biya wa ɗaliban dakta.

Mu ma ba daga ƙasa za mu fara ba. Dokar 2011 ta kafa asusun TETFund, wanda kuɗinsa daga harajin kamfanoni yake, yana tura malaman jami'a karatu, yana kuma da reshen ba da kuɗin bincike. Daga 2012 asusun Wellcome da hukumar binciken lafiya ta Amurka sun yi wajen shekara 10 suna biyan wani babban shiri na nazarin ƙwayoyin gadon mutanen Afirka, har aka kafa ɗaya daga ma'ajiyansa a Abuja. Kuɗin baƙi kuwa yana da ranar ƙarewa, kuma mai kuɗi shi yake zaɓen tambayar da za a bi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka ga shawarata, in ta samu karɓuwa. A keɓe gurbi kaɗan kowace shekara ga ɗaliban da za su binciki cututtukan fata a asibitocin koyarwa irin na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri. In za a ba ɗalibi kuɗi, a ba shi na dukan shekarun tun daga fari, a rubuce, a kuma biya kan lokaci, gama gwajin da aka tsayar a tsakiya don firji ya mutu ko kuɗin sinadari ya yanke, asararsa ta fi ta wanda ba a fara ba. A haɗa kuɗin kayan aiki da na cinsa, kada a ba shi abinci a hana shi fartanya. In tilas ya tafi waje koyon wata na'ura, ya tafi, amma tambayar ta zama ta yaranmu, a nemi yardar iyaye da harshen da suke ji kafin a ɗebi komai a jikin yaro, a kuma tanada masa ɗakin aiki da zai komo ya tarar. Attajiranmu da suke gina makarantu da rijiyoyi, Allah ya saka musu, su tuna ɗaukar nauyin ɗalibi guda ma rijiya ce, sai dai ruwanta yakan daɗe bai fito ba.

Kada kuma a matsa wa ɗalibin a ce lalle ya kawo magani ranar da ya gama. Abin da za a nema gare shi gaskiya ce: ya auna da kyau, ya rubuta abin da ya gani, ya koya wa na bayansa. Daga 1982 zuwa 2017 hannu nawa aikin ya bi kafin ya zama allura? Kowa ya aza tubalinsa ya wuce.

Kafin ranar nan ta zo, malaman makaranta su taimaka da abin da ke hannunsu. Yaron da kuka ga yana gyangyaɗi a aji, lungun hannunsa ya yi kaushi, kada a ware shi, kada a bari 'yan'uwansa su yi masa ba'a, a shawarci iyayensa su kai shi asibiti maimakon sayen mai a kan tebur. Ina kuma roƙon likitocinmu da ma'aikatan asibiti masu karanta wannan shafi su rubuto wa Edita abin da suke gani a wurarensu, ko sun yarda da ni ko ba su yarda ba, don mu ƙaru da juna.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu neman ilmi haƙuri. Sai mako mai zuwa, in muna da rai.

Wasalam. Ni ne naku,
Akawu Mai Tambaya.