Ra'ayinmu: Ciwon kan da ba a jira da shi bayan allurar sankarar furostet

Tun 1941, lokacin da Charles Huggins na Jami'ar Chicago ya nuna cewa sankarar furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da sinadarin namiji take rayuwa, likitoci suka kama hanyar yanke mata abinci. A da maraina ake cirewa. Yau allurai irin su leuprolide da goserelin ne ke wannan aiki, duk wata ko bayan wata 3.

Allurar ba maraina take taɓawa kai tsaye ba. Ta wani ƙulli take bi, mai girman ƙwayar wake a gindin ƙwaƙwalwa, wanda ake kira fituwitari. Da fari takan zaburar da shi, daga baya ya daina aika wa maraina saƙo. A wannan zaburar farko matsalar take. Kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da ɗan ƙari a ƙullin, ba ya damun su, ba su ma san da shi ba. Jefi-jefi, a 'yan kaɗan ƙwarai, allurar kan sa ƙarin ya kumbura ko jini ya ɓalle a cikinsa, kuma jijiyoyin gani ta samansa suke wucewa. Sai kai ya sara farat ɗaya, ga amai, ga gani biyu-biyu ko fatar ido ta faɗi, wani ma hankalinsa ya gushe. Yawanci cikin mako 2 da allurar farko abin ke faruwa, wani lokaci cikin awa guda.

Akwai likitocin da ke ganin ambaton abin da da wuya ya faru zai tsorata dattijo ya guji maganin da ke tsawaita masa kwana. Suna da hujja, balle a Najeriya, inda wannan ce sankarar da ta fi kama maza, kuma akasari sai ta kai ƙashi ake zuwa asibiti. Ɗaukar wa kowa hoton MRI kafin allura ma ba zai yiwu ba, kuɗin ya fi ƙarfin talaka, kuma bincike bai nuna buƙatarsa ba.

Amma shiru ya fi haɗari a wurinmu, inda ciwon kai kan ƙare a kemis, a ce hawan jini ne ko maleriya. Jinkirin kwana biyu na iya cinye ido ko rai, alhali hydrocortisone da aka ba da wuri, wani lokaci da tiyata ta hanci, na ceton mutum.

Matsayinmu shi ne a ci gaba da allurar. Sai dai kafin ta farko likita ya tambayi majiyyaci ko yana da daɗaɗɗen ciwon kai ko raunin gani, ya kuma faɗa wa ɗan da ya rako Baba, da Hausa, cewa in kai ya sara masa a makonnin nan biyu, ko da tsakar dare ne a dawo da shi asibiti.