Yoyon taga a gidajen Jos: wa'adin wata shida bai isa ba

Tun daga dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikacin gwamnati, da alƙawarin wata rana zai mallaki muhalli. Wanda rabonsa ya faɗo a Jos, bayan ya ƙirga ɗakuna, ya kamata ya tsaya ya duba tagogi.

Jos na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwan da take samu a shekara kuma ya kai kimanin milimita 1,400, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Ruwa ne mai zuwa da iska, wani lokaci har da ƙanƙara, yana dukan bango a karkace. Duk da haka yadda ake kafa taga a Rayfield ko Bukuru bai bambanta da na garin da ruwa bai dame shi ba. Sai an gama filasta mai alminiyom zai zo ya ɗaure firam, a toshe gefe da siminti, a shafa fenti. Dakalin taga a shimfiɗe yake, ba gangare, ba tsagi a ƙarƙashinsa da zai sa ruwa ya ɗiga ƙasa. Siminti da alminiyom kuwa ba sa miƙewa tare idan zafi da sanyi suka sauya, don haka tsaga ke buɗewa a tsakaninsu. Ta nan danshi ke shiga, fenti ya kumbura, bango ya yi funfuna. Yayin ɓoye kwano a bayan bango ya ƙara dagula lamarin, domin ya raba taga da inuwar rufi.

Magina na da sun fi kula: suna shafe bango da makuba, suna miƙa indararo nesa da shi, kamar yadda ake gani a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Birnin Vancouver na Kanada ya yi sakaci da irin wannan a gidajen katako masu filasta na shekarun 1980 da 1990, gyaransu ya ci biliyoyin daloli.

Babban giɓin yana cikin takardar kwangila. An saba riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila tsawon wata shida, don gyaran aibin da ya bayyana. Gidan da aka miƙa a Nuwamba, wa'adinsa zai cika a Mayu, kafin ruwa ya kankama. Ya dace Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya da Hukumar Gidaje ta Tarayya su sa wa'adin ya haɗe cikakkiyar damina, kuma kafin a miƙa makulli a feshe kowace taga da tiyo a gaban mai saye.