An fita Sedeyawo, to ina makomar takardar shanu?



Tun ranar 29 ga watan Janairu 2025 ƙasashen Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar Sedeyawo, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya suke ce wa Ekowas. An sha magana a rediyo, wasu na murna, wasu na juyayi. Amma maganar saniya ba ta samu wuri ba. Shi ya sa na ga ya kamata mu tuna mafarin ƙungiyar nan da abin da aka kafa ta dominsa, don mu san abin da za mu nema yanzu.

A shekarar 1972 Janar Yakubu Gawon na Najeriya da Janar Eyadema na Togo suka fara tallar shawarar ga sauran shugabanni. Ranar 28 ga watan Mayu 1975 ƙasashe 15 suka sa hannu a birnin Ikko, lokacin Seni Kunce yana mulki a Yamai. Ku lura da lokacin. Ba a daɗe da fita daga farin 1973 ba, wanda ya ƙare garke da yawa, ya kora mutane kudu neman ciyawa. Manufar ita ce a sassauta iyakokin da Turawa suka shata, mutum da kayansa su wuce, a rage kuɗin duwan, a yi kasuwa ɗaya, wata rana ma kuɗi ɗaya. Kuɗin nan dai, da aka raɗa wa suna Eko, an sha ɗage ranar fitowarsa.

A 1979 aka amince a Dakar cewa ɗan wata ƙasa yana iya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Namu rabon sai a watan Oktoba 1998 ya zo, a Abuja, da aka yarda garke ya ƙetare iyaka da takarda guda. A cikinta ana rubuta yawan bisashe, da allurar rigakafin da aka yi musu, da hanyar da za a bi, da inda za a sauka. An ce da rana ake ƙetarewa, makiyayi ɗaya ga kowane kai 50, kada masu kiwon su kasa biyu, kuma kowanensu ya kai shekara 18. Ƙasar da za a shiga ita ke faɗin lokacin shiga da na fita. Wannan takarda ba ta hana jandarma miƙa hannu ba, kowa ya sani. Amma wanda ya riƙe ta yana da bakin magana a gaban hukuma, ba a kiransa ɓarawon iyaka.

Ba zan wanke Sedeyawo ba. Tana nan Najeriya ta kori baƙi a 1983, ta rufe iyaka a 1984 ana tsakiyar yunwa, har mutanenmu suka sa wa shekarar suna El-Buhari. Tana nan aka sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A ƙarshen 2019 Benin ta hana garkunan waje shiga ƙasarta. Mafi ciwo, bayan juyin mulkin Yuli 2023 ita kanta ƙungiyar ta ba da umurnin rufe iyakokin Nijar, sai a Fabrairu 2024 ta janye. Wanda aka kafa don buɗe ƙofa shi ya sa kwaɗo. Mai rago a Konni ko Ɗan Isa ko Magarya bai yi juyin mulki ba, amma shi ya biya.

Duk da haka ra'ayina shi ne kada mu bari fushin shugabanni ya tafi da takardar 1998. Sabon ƙawancen AES ya haɗa ƙasashe uku masu kiwo. To wa zai sayi na wani? Masu sayen shanunmu suna Illela da Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari, daga nan tirela ta kwashe zuwa Ikko. Ciyawar rani ma kudu take. A Janairu 2025 Sedeyawo ta ce a ci gaba da barin mutane da kaya na ƙasashen uku suna wucewa kafin a daidaita. Alfarma ce, kuma wanda ya yi alfarma yana iya fasawa ran da ya ga dama.

Akwai misali. Muritaniya ta fita a 2000, amma a 2017 ta sa hannu kan yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar. Ashe fita ba ta hana a zauna a rubuta. Muna roƙon hukumomi, duk ran da za a zauna tsakanin AES da Sedeyawo, a sa maganar burtali da mashaya da takardar ƙetare iyaka a rubuce, kuma a kira wakilan makiyaya da na ƴan kasuwar kara, kada a yanke a ofis mu ji a rediyo.

Ku kuma arɗaɗɗai da shugabannin rassa, kafin garke ya nufi kudu bayan kaka, ku tabbata an yi allura, an karɓi takarda wajen likitan dabbobi. Wanda aka tare ko aka karɓe masa kuɗi ba rasit, ya riƙe rana da wuri da adadi, ya kawo wa ofishin ƙungiya mafi kusa.