Ba Kowane Haɓo Ba Ne Zafin Rana



Makon jiya na je dubiya a Jimeta. Yaro ɗan shekara 12, kwana huɗu yana zazzaɓi, ga haɓo, dasashinsa na jini in ya goge baki. Na tambayi abin da aka ba shi, aka miƙo mini ƙullin leda na haɗin kemis, babu suna babu takarda. Haɓon kuwa, wai zafin Yola ne. Wannan ganganci ya isa haka.

A cikin jininmu akwai ƙananan ƙwayoyi da likitoci ke kira filatilet. Ɓargo ne ke yin su, kuma aikinsu toshe kafa: da zarar jijiya ta fashe sai su taru su manne, jini ya tsaya. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita ta jini, kowace ƙwaya kuma kwana 7 zuwa 10 take yi ta mutu.

Zazzaɓin cizon sauro yana rage su. Zazzaɓin Lassa ma yana taɓa su, kuma kada mu manta a garin Lassa na Borno, nan maƙwabtanmu, aka fara gano shi a 1969. To ga mara lafiya ƙwayoyinsa sun ragu, sai a ɗura masa asfirin. Duk ƙwayar da asfirin ya taɓa ta daina mannewa har ta mutu. Ka ga an tarar da katanga ta tsage, an kori magina. Hodar Alabukun da ake sha kamar ruwa, asfirin ne a cikinta.

Wani zai ce gwaji akwai tsada. Gaskiya ne, aljihu ya yi zafi. Amma a kwatanta kuɗin gwajin jini ɗaya da na neman leda biyu ta jini da tsakar dare, ana bin dangi a waya. Wanne ya fi?

Masu kemis, ku ji tsoron Allah. Ba ku ga jinin mutum ba, kada ku haɗa masa abin da zai tsinka shi.

Iyaye kuma, in zazzaɓi ya zo da haɓo, jinin dasashi, jajayen ɗigo a fata ko baƙin bayan gida, a wuce Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a yi cikakken gwajin jini. Kafin a isa, farasitamol kawai. Wanda likita ya ɗora a kan asfirin don ciwon zuciya kada ya daina da kansa, ya koma ga likitansa.

Yaron dai an kai shi, yana samun sauƙi, alhamdulillahi. Allah Ya ƙara mana lafiya.

Sakataren Ƙungiya