Resident Evil 2 na 1998 da na 2019: ga inda na tsaya

Wanda bai taɓa shiga gidan gem ba zai ce ɓata shafin jarida ne a zauna ana auna wasannin bidiyo guda biyu. Ni ban yarda ba. Samarin birnin Zariya da yawa sun ba waɗannan wasanni sa'o'in da ba su ba littafi ko fim ba, kuma duk abin da ya ci lokacin matasa haka ya cancanci a dube shi da idon basira, a faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza. Wanda zan ɗauka shi ne Resident Evil 2, domin sau biyu aka yi shi, da tazarar shekara 21, kuma kowanne na bi shi har ƙarshe.

Kamfanin Capcom da ke Osaka a ƙasar Japan ne ya fitar da na farkon a watan Janairun 1998, a kan PlayStation ta farko, cikin faifai biyu. Hideki Kamiya ne ya ja ragamar aikin, Shinji Mikami, wanda ya jagoranci Resident Evil na 1996, yana sa ido a kansa. Labarin ba shi da wuyar fahimta. Wata ƙwayar cuta da kamfanin magunguna mai suna Umbrella ya ƙirƙira ta ɓalle a garin Raccoon City, mutanen gari suka koma gawarwaki masu tafiya suna cin 'yan'uwansu. Leon Kennedy, sabon ɗan sandan da ya zo kama aiki, da Claire Redfield, ɗaliba mai neman yayanta Chris, suka faɗo cikin masifar, suka gudu hedikwatar 'yan sanda neman mafaka, suka tarar can ma babu sauƙi. A ranar 25 ga Janairun 2019 Capcom ya fitar da sabon gini na wannan labari don PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta. An sayar da kwafin tsohon kusan miliyan 5 a kan PlayStation, sabon kuwa ya haye miliyan 10 tun a 2022. Kasuwa ta yanke nata hukuncin. Nawa ya ɗan sha bamban.

Mu a Kwarbai ba a shekarar da ya fito muka gan shi ba. Sai da ya tsufa a wasu ƙasashe ya iso mana, a faifan kwafi, cikin wani ɗan shago mai benci biyu da talabijin mai ƙeya da ƙaramin janareto a bakin ƙofa. Yawancin yara ƙwallo suke zuwa bugawa, wato Winning Eleven, ko su yi dambe a Mortal Kombat, domin waɗannan minti kaɗan ne, ka biya, a ci ka ko ka ci, ka tashi wani ya zauna. Resident Evil 2 ba ya sayuwa da kuɗin minti goma. Saboda haka mai shago ne ke sa shi idan ciniki ya lafa, ko wani babban yaya mai 'yan canji, mu kuma mu jeru a baya. Mutum ɗaya ke riƙe da fad, amma wasan na kowa ne. Wani ke karanta takardun Turancin da ake tsinta a ɗakuna, wani ya haddace ƙofar da kowane ɗaya daga mabuɗan nan masu alamomin karta yake buɗewa, wani kuma aikinsa kawai ya riƙa ihu a gudu.

Abin da ya sa tsohon yake ratsa jiki shi ne ba ya barinka ka ga abin da kake so ka gani. Kyamara a kafe take a kusurwa guda. Ka shiga ɗaki, an nuna maka gefe ɗaya, kana jin jan ƙafa da gurnani daga inda hoton bai kai ba, kuma ba ka da ikon juya ido. Dole ka taka zuwa can kafin a sauya maka kusurwa. Duk wanda ya taɓa bin lungunan da ke bayan fada da daddare bayan an ɗauke wuta ya san wannan yanayi: kana jin takun wani a bayan kwana, ba ka san ko maƙwabci ne ko wanin maƙwabci ba, sai kun yi kiciɓis. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma a kan wannan duhun aka gina wasan 1998.

Ba ma da gangan aka fara hakan ba. Na'urar ce ba ta da ƙarfi. Ƙwaƙwalwar aiki ta PlayStation ta farko megabait 2 ce kacal, ba za ta iya zana ɗakuna masu kyau tana juya su yadda ɗan wasa ya ga dama ba. Sai aka zana ɗakunan tun a kamfani a matsayin hotuna tsayayyu, aka ɗora mutane masu motsi a kai. Ita ma ƙofar nan da ke buɗewa a hankali cikin baƙin allo, wadda ke sa kowa a shago ya yi tsit, dabara ce ta ɓoye lokacin da na'ura ke karanto ɗaki na gaba daga faifai. Masu aikin sun mai da talaucin kayan aikinsu makami, kuma wannan shi ne abin da na fi girmamawa a wasan. Ka tuna lokacin da wani abu ya gifta a bayan taga da rarrafe kafin ka shiga doguwar barandar nan da jini ke ɗiga daga rufinta. Daƙiƙa ɗaya aka nuna maka shi. Kafin ka ga dodon, wanda ake kira Licker, ido da ido, zuciyarka ta riga ta ƙera nata, wanda ya fi na allo muni.

Sai ƙarancin komai. Gurbi takwas ne aljihun ɗan wasa, ya ɗauki bindiga da harsashi da ganyen magani da mabuɗai a ciki. Ajiye inda ka kai ma ba kyauta ba ne: sai ka samu tafireta, kuma sai kana da ƙyallen tawada, wanda ƙididdige yake. Mu nan muna da ƙari a kan abin da Capcom ya tsara, domin ana iya ɗauke wuta a kowane lokaci, kuma kafin a tayar da janareto aikin awa guda ya tafi. Shawarar a kashe ƙyalle yanzu ko a daure zuwa gaba takan raba kan benci gida biyu.

'Ya'yan yayyena, waɗanda a wurinsu na buga sabon a kan wata PlayStation 4 ta hannu, sukan ce mini kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Suna da hujja, kuma ba zan danne ta ba. Wasan 2019 aiki ne na ƙwararru. An ɗauke kyamara daga bango an ajiye ta a bayan kafaɗar Leon ko Claire, irin tsarin da Resident Evil 4 ya yaɗa tun 2005, kuma masu aikin sun san cewa da yin haka sun rasa makamin ɓoyewa, sai suka nemo wani. Suka kashe fitilun ginin suka ba ka tocila. Suka sa gawarwakin nan taurin rai, ka harbi kai sau da yawa ya faɗi, ka juya baya ya miƙe. Har ka gane cewa wani lokaci gara ka karya masa ƙafa ka wuce. Wuƙa tana dakushewa ta karye. Katakon toshe taga bai isa dukkan tagogi ba, sai ka zaɓi barandar da za ka fi bi. Taswira tana nuna ɗakin da ka kwashe da wanda ka bar wani abu a ciki, abin da da muna da shi a da, da an huta da gardama mai yawa.

Babban abin da sabon ya yi shi ne Mr. X. A tsohon wasan wannan ƙaton mai doguwar riga a zagaye na biyu kawai yake fitowa, wato idan ka sake buga wasan da ɗayan mutumin, a wurare sanannu, kuma kana iya harbinsa har ya faɗi ka kwashi harsashi a jikinsa. A sabon, tun daga lokacin da ya ɗaga tarkacen jirgin sama mai saukar ungulu da hannu ɗaya, ya zama maƙwabcinka a cikin ginin. Ba ya mutuwa. Kana jin takunsa a benen da ke samanka, kuma ƙarar bindigarka ita ke kiransa. Ga Licker makaho ne, da ji yake farauta, hanyar tsira daga gare shi ita ce tafiya a hankali. To yaya za ka yi idan ƙaton na bayanka, makahon na manne a rufin gabanka? Wannan tsaka mai wuya babu irinta a wasan 1998, kuma wanda ya tsara ta ya fahimci cewa kunne ya fi ido kawo tsoro. A nan sabon ya gaji tsohon gado na gaskiya.

Amma bayan an jima, ƙaton yana komawa abin haushi. Ka san ɗakunan da ba ya shiga, ka shige ka jira ya yi nisa, ka fito ka ci gaba da neman abin da kake nema. Tsoro ya zama jinkiri.

Inda sabon ya yi asara mafi girma shi ne labarin mutum biyu. A tsohon, faifai ɗaya na Leon ne, ɗaya na Claire. Idan ka gama da ɗaya, sai ka sa ɗayan ka ga daren nan guda daga wancan ɓangaren, kuma abin da ka yi a zagayen farko yana bin ka. A ɗakin makamai da ke ƙarƙashin ginin akwai bindiga mai sarrafa kanta da jakar ƙarin kaya. Abin da ka kwashe, na bayanka ba zai tarar ba. A ɗakin binciken Umbrella akwai ƙofar da ba ta buɗuwa sai duka biyun sun yi rajistar yatsa. Wasan yana tambayarka ko za ka rage wa wanda ke tafe, ko da yake kai ne za ka zama shi. A sabon an ajiye sunan zagaye na biyu, amma ruhinsa ya tafi. Leon da Claire suna buɗe ƙofofi iri ɗaya, suna yaƙar dodon da ake kira William Birkin a wurare iri ɗaya, har labarin ya ƙi haɗuwa idan ka jera su. Kamfanin da ke da kuɗi da na'urorin 2019 ya kasa abin da aka yi da faifai biyu.

Haka kiɗa. Na tsohon yana da fuska, daga amon babban zauren hedikwatar zuwa sanyin ɗakin tafireta da ke sa kafaɗa ta sauka. Na sabon ya yi ƙasa har ba ka tuna shi, kuma Capcom ya mai da tsohon kiɗan abin saye daban ga mai son sa shi a sabon wasan. An cire hankaki da manyan gizo-gizo, karo da kadan da ke magudanar ruwa ya koma ɗan gajeren tsere. Ƙyallen tawada kuwa sai a mataki mafi wuya ake buƙatarsa. A matakin da yawanci ke bugawa, wasan da kansa yake ajiye maka wuri. Duk da haka an yi masa adalci idan aka kwatanta da Resident Evil 3 na 1999, wanda da aka sake shi a 2020 aka yanke masa sassa sukutum, har da hasumiyar agogo.

Akwai maganar da ta fi duk wannan muhimmanci ga masu karanta jaridar nan, musamman iyaye. Jinin wasan 1998 ɗigon ja ne a kan mutane masu kama da kwali. Na 2019 ba haka yake ba. Tun a farkon wasan ana nuna ɗan sandan da aka raba gida biyu a ƙarƙashin ƙofar ƙarfe, da wani mai tsagaggen muƙamuƙi, dalla-dalla. A Turai an rubuta masa shekara 18, a Amurka 17 zuwa sama, a Japan ɗin ma da aka yi shi sai da aka rage wasu wurare. A gidajen gem namu babu mai tambayar shekaru, kuma ɗan firamare yana iya tsayawa a bayan benci kamar yadda muka tsaya. Abin da muka kalla da abin da zai kalla ba ɗaya ba ne. Mai shagon da ke sa irin wannan wasa yara ƙanana na tsaye yana da alhaki a wuyansa, haka yayan da ke bugawa a falo ƙannensa na zaune.

Ta fuskar samu kuma, sabon yana cin fiye da gigabait 20, yana son na'ura mai tsada da wuta tsayayya, saboda haka a unguwa irin tamu ya zama na 'yan ƙalilan, kowa a ɗakinsa. Tsohon kuwa yana tafiya a kwamfutar da ba ta da wani ƙarfi, kuma tun 2024 shagon intanet na GOG yake sayar da shi ta halal tare da na ɗaya da na uku. Wannan mataki ne mai kyau, domin sabon gini bai kamata ya zama dalilin ɓacewar na asali ba.

Idan aka ce in zaɓa wa baligin da bai taɓa buga ko ɗaya ba, na 2019 zan miƙa masa, domin ya fi sauƙin riƙewa kuma rabinsa na farko yana cikin mafi kyawun abin da aka yi a wannan fanni. Amma a tsari da cikar labari da sanin abin da ya kamata a ɓoye, na 1998 ne a gaba. Samarin da suka gama sabon, ku nemi tsohon ku buga shi da Claire sannan da Leon kafin ku ce ya wuce yayi. Masu gidajen gem na cikin birni da Tudun Wada da Sabon Gari kuma, ku bar wasannin da aka rubuta wa shekara 18 sai yara sun tashi.