GARKAR WA CE?

Ƴan'uwa talakawa,

A ƙasar Amurka, jihar Bajiniya, akwai wani gida bisa tudu da ake kira Monticello. Gidan Thomas Jefferson ne, shugaban Amurka na uku, wanda ya rubuta takardar ƴancin ƙasarsa a 1776. Kudu da gidan akwai garka mai tsawon mita 300. Bayan mutuwar mai gida ta lalace, ginin dutsen da ke tare ƙasarta ya zube, ciyawa ta rufe. Daga 1979 masu tonon tarihi suka tono tushen ginin da ramukan shinge, aka maido garkar. Yau baƙi suna biyan kuɗi su shiga, ana ce musu ga garkar Jefferson.

Mu ba mu yarda da wannan suna ba.

Gangaren tudu ne wurin. Wa ya sare shi ya baje? Bayi. Wa ya ɗora dutse bisa dutse? Wa ya kafa shingen katako mai tsayin mita 3, wanda aka matse har ɗan zomo ba ya ratsawa? Bayi. Shi mai gida alƙalami ya riƙe. Tun 1766 har 1824 yana rubuta ranar shuka da ranar tsiro, kayan garka iri fiye da 300. To, tunda shi ke da littafi, sai garka ta zama tasa! Ashe mai rubutu shi ne manomi?

Ku dubi abin da aka shuka ciki. Akwai kuɓewa, akwai riɗi. Waɗannan ba baƙinmu ba ne. Jefferson da kansa ya rubuta cewa baƙaƙen fata ne suka kawo riɗi daga Afirka.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne wannan. Bayin da ke yini cikin garkar, rabonsu na mako garin masara ne da ɗan nama da kifi mai gishiri. Sai da dare da ranar Lahadi suke noma ƴan fegi nasu. Littafin cefanen gidan ya nuna iyalin mai gida suna sayen ƙwai da kaji da kabeji daga hannun waɗannan bayi. Mai garka ta mita 300 yana cefane wurin bawansa!

Babban mai aikin garkar sunansa Wormley Hughes. Shi ya gina kabarin ubangidansa a 1826. Ubangidan ya bar bashi fiye da dala 100,000, sai a watan Janairu na 1827 aka yi gwanjon mutum 130. Hughes an bar shi ya tafi, amma matarsa Ursula da ƴaƴansu an sayar da su. Wannan ne ladan mai ban ruwa.

Masu kula da gidan yanzu suna faɗin sunayen bayi, sun kuma nemi jikokinsu tun 1993 suna ɗaukar labarinsu. Madalla. Amma ambato a gefen allo daban, suna bisa ƙofa daban.

Mu ma mun san irin wannan garka. Kafin dokar 1946 ta kashe aikin dole a ƙasashen da Faransa ta mallaka, iyayenmu sun ja guga don salatin kumandan ya yi kore. Sunan kumandan yana cikin takardu. Na masu guga fa? Kowane reshe ya zauna da tsofaffin garinsa ran kasuwa, a tambaye su, sakatare ya rubuta, a aiko mana.